Ɗakin kwanan 'yan matan Maasai: littafin kwamitin cocinmu, 2024

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Bayan Misa ta biyu Fada ya kira mu mu shida ofishinsa, ya ce kwamiti ya kafu, ni ce ma'ajiya. A hanyar gida na sayi wannan littafi, domin duk wanda ya sa hannu a aljihu ya san inda kuɗinsa ya kwana.

Ga asalin maganar. Akwai wata Sista 'yar cocin nan, a nan Kaduna aka yi mata baftisma, ni na koyar da ita a aji huɗu. Shekara biyar ke nan ƙungiyarsu ta tura ta Kenya, tana riƙe da wata firamaren mishan a karkarar Kajiado, cikin Dayosis ɗin Ngong, inda yawancin mutane Maasai ne makiyaya. Da ta zo hutu a Disamba ta zauna a tabarmata ta ce, "Mama, aji na farko mata sun kusa kai maza yawa. Aji na bakwai kuwa da yatsun hannu nake ƙirga su." Wasu sai sun yi tafiyar awa biyu kafin su iso, bayan sun taya tatsa da asuba. Da rani giwaye kan tare hanya. Yarinya ta kai sha biyu ko sha uku, a tafi dogon hutun ƙarshen shekara, a dawo babu ita: an yi mata kaciya, an karɓi shanu, an aurar.

Akwai wani tsohon sito a harabar makarantar, bangon dutse ne mai ƙwari, rufin ne ya tafi. Shi take so a mayar ɗakin kwanan yara mata arba'in. Lissafin da ta bar mana da kuɗin Kenya: rufi shilin 130,000, ƙofofi da tagogi 70,000, siminti da yashi da kuɗin aiki 100,000, tankin lita 10,000 da indararo kimanin 90,000, gadaje masu hawa biyu guda ashirin 220,000, katifu 110,000. Jimla 720,000. A Disamba shilin ɗaya naira bakwai muka lissafa, wato miliyan biyar da ɗoriya. Yau da na sake bugawa ya haura miliyan bakwai, tun da naira ta faɗi a ƙarshen Janairu. Ba mu tara ko sisi ba, miliyan biyu ta hau kanmu.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Lahadin farko na Azumi. Na hau na yi sanarwa da Hausa. Ina faɗin sunan mutanen sai yara a baya suka ƙyalƙyale da dariya, don ya yi musu kama da kalmarmu ta ban-ɗaki. Katikis, mai koyar da addini a coci, ya tashi ya gyara: a ja "maa" ɗin, Maa sunan harshensu ne, kuma sunan mutane ba abin wasa ba ne. Ya sa yara suka maimaita sau uku. Na ji daɗin da aka kashe wannan tun ranar farko.

Mun raba asusun ƙasa 150, kowane gida ɗaya, a fasa ranar Ista. Kuɗin asusun naira 45,000, shugabar Zumuntar Mata ta biya daga aljihunta.

Lahadi, 3 ga Maris

Taron yau ya yi zafi, kuma zan rubuta shi yadda ya gudana.

Wani dattijo da ya dawo cikin gari bayan an ƙona ƙauyensu a kudancin jihar ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Fada, ni makiyaya suka raba ni da gonata. Jikokina uku suna zaune a gida babu kuɗin makaranta. Mudun shinkafa ya fi ƙarfina. Yanzu a ce in jefa kuɗi a asusu don 'ya'yan makiyayan wata ƙasa?" Coci ya yi tsit. Babu wanda ke da bakin ce masa bai yi daidai ba, ni ma ba ni da shi.

Abin da na iya faɗa shi ne labarin mahaifiyata. Sistoci farare suka koya mata karatu, kuma ta sha gaya mana cewa kuɗin allo da alli daga talakawan Ayalan yake zuwa, matan da ba su taɓa ganin ƙasar nan ba, ba su ma iya faɗin sunan garinmu ba. Fadan ƙungiyar mishan ta SMA sun sauka Shendam a 1907. Sistocin St Louis sun iso Kano a 1948. Makarantar da ake kira Queen Amina yau a Kakuri, da Kwalejin Rimi, duk na mishan ne kafin gwamnati ta karɓe su. Waɗanda suka aiko da kuɗin nan su ma ba a ƙoshe suke ba. Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa, kuma kowane harafi da na rubuta a allo daga asusun wata baƙuwa ya faro. Na ce yau 'yarmu ce ke tsaye inda fararen nan suka tsaya, ba zan iya barin ta da hannu banza ba.

Wani matashi ya ƙara da cewa ko a nan gida tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, ofishinta ma a garin nan yake, kuma da ɗan makiyayi ya samu makaranta ta gaske tun lokacin, wataƙila wasu abubuwan da muke kuka da su ba su kai haka ba. Dattijon bai amsa masa ba.

Abin da aka yanke: ba za a taɓa ko kwabo daga asusun marasa ƙarfi ba, ba za a karanta sunan wanda ya bayar ko wanda bai bayar ba, kuma ƙungiyar maza ta ɗauki kuɗin makarantar jikokin dattijon na zango biyu. Wannan na ƙarshe shi ya kamata mu yi tun kafin ya tashi ya roƙa a gaban jama'a, kuma laifinmu ne da ba mu gani ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Ranar Alhamis 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar Kuriga, a jihar nan. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Da daddare na kira Sista na ce tagogin ɗakin nan dole a sa musu ƙarfe, mai kauri, a haɗa da walda, ƙofa kuma ɗaya tak, a kulle ta da kwaɗo da dare. Ta ce, "Mama, nan ba haka matsalarmu take ba, kuma akwai ƙa'idar ma'aikatar ilimi a kan tagogi." Na ce ba zan aika kuɗin jama'a a tara 'ya'yan mutane a ɗakin da kowa zai iya haurawa ba. Ta yi shiru, sannan ta ce to. Ƙarin shilin 24,000.

Laraba, 20 ga Maris

Kuɗin farko ya tafi: naira 2,200,000. Zumuntar Mata 600,000, maza 500,000, sauran daga baiko na biyu na Lahadi huɗu da mutum uku da suka ce a sakaya sunansu.

Sau uku na je banki. Na farko suka ce sai wasiƙar Fada mai hatimi, na biyu suka ce sai takardar da ke nuna me za a saya, na uku na'ura ta ƙi aiki har ƙarfe uku. Ta asusun ƙungiyar su Sista muka bi, don kuɗin ya shiga littafinsu, kada ya zama tsakanina da ita kawai. Abin da ya isa can shilin 195,000. Daga can ta M-Pesa, tsarinsu na biyan kuɗi ta waya, take biyan kowa, har mai yashi, kuma kowane biya saƙonsa na shigowa wayarta, sai ta turo mini hoton. Wannan ya sauƙaƙa mini lissafi ƙwarai.

Lahadi, 31 ga Maris, Ista

An fasa asusu a kan tabarma a gaban coci. 131 suka dawo cikin 150. Mu takwas muka ƙirga har la'asar: naira 1,130,000, yawanci 'yan hamsin da 'yan ɗari da suka sha lanƙwasa. A wani asusun har da takarda da rubutun yaro, "na Sista". Yaran Kuriga sun dawo gida makon jiya, an yi addu'ar godiya dominsu a Misa.

Asabar, 13 ga Afrilu

Sista ta kira da doguwar magana, kuma ita ce mafi muhimmanci tun da muka fara.

Ta tara iyaye maza a ƙarƙashin bishiyar ƙaya da ke bakin makaranta, don a can ba a yanke magana a ofis. Kowane dattijo da jan mayafinsa da sandarsa, mai magana ya miƙe, sauran su saurara har ya gama, ko da zai kai awa. Katikis ɗinsu, wanda ɗan ƙasa ne, shi ya yi tafinta. Wuni guda aka yi.

Da farko sun ce ba su yarda 'ya'yansu su kwana a gidan da ba su sa hannu a gininsa ba. Sai wani tsoho ya kawo zancen fari. Can sau biyu ake damina a shekara, biyar a jere ta ƙi tsakanin 2020 da farkon 2023, ya ce garkensa ya ƙare a idonsa, kuma wanda ya riƙe gidan da masara 'yarsa ce da ta yi karatun jinya. Wani ya kawo zancen ƙasa. Tun yarjejeniyoyin 1904 da 1911 da Turawan Ingila suka tura su kudu, takarda ke cin su. Yanzu ma da aka yanyanka filayen kiwo na haɗaka kowa da nasa, wajen Kitengela da Isinya an sayar da da yawa, wasu sun dangwala yatsa a kan abin da ba su iya karantawa ba. Ya ce yana son wanda zai karanta masa takarda a cikin gidansa, mace ko namiji.

Sharuɗɗansu uku. Kowane gida mai yarinya a ɗakin zai ba da akuya. Matar da za ta kwana da yaran su za su zaɓe ta daga cikinsu, mai jin Maa. Kuma a fara da tanki kafin gado, domin yarinya na iya kwana a kan fata kamar yadda take yi a gida, amma idan za ta je rafi ɗibar ruwa da yamma, to ba a raba ta da hanyar da ake gudu ba. Mu a lissafinmu tanki ne na huɗu. Mun juya lissafin.

Na tambayi Sista ko iyayen duk Katolika ne. Ta ce kaɗan ne, wasu na wasu coci-coci, wasu suna kan addinin kakanni, suna kiran Allah Enkai, kuma ba a tambayar kowa takardar baftisma a bakin ƙofa. Fadan ƙungiyar mishan ta Mill Hill da aka ba yankin a 1959, tun kafin ya zama dayosis a 1976, da makaranta da ɗakin shan magani suka shiga, kuma mutane ba su manta ba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Kuɗi na biyu: naira 1,500,000, ya zama shilin 168,000. Naira ta farfaɗo a makonnin nan, shilin ɗaya bai kai naira tara ba. Da mun jira wata guda da kuɗin farko, da mun samu ƙarin shilin dubu hamsin, kusan gado biyar. Ni na matsa a aika a Maris don tsoron kada ta ƙara faɗuwa. Na faɗa wa kwamiti haka.

Cikin kuɗin akwai naira 20,000 daga maƙwabciyata Hajiya, wadda ta aiko mini da abincin Sallah makon jiya, ta ji zancen, ta ce ilimin 'ya mace ba shi da addini.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Kafinta ya gama ɗora katako. Awaki 27 aka kai kasuwar Bissil, sun ba da shilin 171,000. An biya tanki a garin Kajiado, ana jiran mota.

Alhamis, 2 ga Mayu

Ruwa ya yi ɓarna. Duk Kenya ambaliya ake, ranar Litinin ta kashe mutane da dama a Mai Mahiu, jiya kogin Talek ya shiga masaukan baƙi a Maasai Mara. Ranar 29 ga Afrilu ya kamata a koma makaranta, gwamnati ta ɗage.

A wajenmu ga abin da ya faru. Rafin da ke tsakanin makaranta da titi, wanda wata tara a shekara yashi ne zalla ake tafiya a kai, ya cika ya tumbatsa. Motar da ta ɗauko tanki da kwanon rufi ta iso bakinsa ta juya. Ƙasar wajen baƙar laka ce mai riƙe taya, ko babur ba ya shiga. Siminti buhu 40 yana cikin siton da ba rufi, an lulluɓe da leda, amma a ƙasa aka jera shi ba a kan katako ba. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Buhu 22 sun zama dutse. Yashi tifa biyu da aka zube a waje ya bi ruwa. Asara: siminti kusan shilin 18,000, yashi 12,000.

Sista ta turo hoto: bango huɗu, katako a sama ya jiƙe sharkaf, ruwa kwance a tsakar ɗaki yana nuna sararin sama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tankin. Ruwan da ya sauka a makon nan kaɗai da ya cika shi har ya zuba, ga shi yana zaune a shago a cikin gari. Dattawan nan sun ce a fara da shi, mun yarda, amma mun makara da kwana goma.

Babu wanda ya rasa rai a ƙauyukan da ke kewaye. Gidaje da yawa sun zube, tun da na laka da kashin shanu ne, mata ke gina su, kuma matan ne yanzu ke sake ɗagawa.

Litinin, 13 ga Mayu

An buɗe makarantu a Kenya. Yara ƙasa da rabi suka zo, sauran rafi ya tare.

Juma'a, 31 ga Mayu

Mota ta ƙetare. Tanki da kwano sun iso. Damina ta wuce.

Lahadi, 16 ga Yuni

Rufi ya hau, an kafa indararo, an yi wa tanki dandamalin siminti. An sayi buhu 22 na maye da kuɗin awaki, wannan karon a kan katako aka jera, a ɗakin Sistoci. Mai walda ya sa ƙarafunan taga shida. Na ga hoton na ji sanyi a raina.

A nan gida baiko ya ja baya sosai. Lahadin nan naira 61,000 kawai. Ba na ganin laifin kowa, kowa ya san farashin masara.

Laraba, 26 ga Yuni

Zanga-zangar haraji a Nairobi, jiya matasa sun shiga majalisa, an yi asarar rayuka. Mai ƙera gadajen a can yake, ya rufe shago. Sai abin da hali ya yi.

Lahadi, 14 ga Yuli

Matasan coci sun yi wankin mota Asabar uku, ƙungiyar mawaƙa ta yi dare na waƙoƙi, Zumuntar Mata ta soya ƙosai da kunu a bakin ƙofa kowace Lahadi. Da abin da ya taru tun Afrilu, naira 1,400,000 ta tafi, ta zama shilin 116,000. Shilin ya koma naira sha biyu.

Gado ashirin ba zai samu ba. Mun tsaya a sha biyu, shilin 132,000, da katifa 32, shilin 83,000. Da ragowar kuɗin awaki 57,000, saura giɓin 42,000. Iyaye mata suka ce a bar musu. Sun haɗa sarƙoƙin wuya da awarwaron duwatsun ado da suke saƙawa, wata ta kai kasuwar Namanga a bakin iyakar Tanzaniya. Sau uku ta je kafin kuɗin ya cika.

Litinin, 5 ga Agusta

Dokar hana fita a Kaduna. Babu taron kwamiti. An gama shafe da fenti a can.

Litinin, 26 ga Agusta

Zango na uku ya fara, yara 32 sun kwana a ɗakin. Ashirin da huɗu a gado, takwas a katifa a ƙasa tsakanin gadaje.

Sista ta kira ta bidiyo da yamma. Na ga uwaye sun rako 'ya'yansu, kowace da ƙullin kaya da gorar madara. Yaran suna zuwa gaban dattawa su sunkuyar da kai, dattijo ya ɗora tafin hannu a kai, haka gaisuwarsu take. Wata ƙarama ta tsaya gaban gado mai hawa biyu ta rasa ta inda ake hawa, sai wata babba ta durƙusa ta ba ta baya ta taka. Matar da iyaye suka zaɓa, gwauruwa ce mai kunnuwa cike da ado, ta leƙo wayar ta ce mini "ashe oleng", wato an gode ƙwarai. Na ce a gaya mata mu ke da godiya.

Tanki babu ko ɗigo. An sayi ruwa mota ɗaya bashi, shilin 9,000. Abincin dare masara da wake ne dafaffe haɗe, da safe kunun masara, iyaye ke kawo hatsin.

Lahadi, 8 ga Satumba

Daren Alhamis gobara ta tashi a ɗakin kwanan wata firamare a gundumar Nyeri. Yara maza 21 suka mutu.

Sista ta kira ni da asubar Juma'a, ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce ta tsaya a tsakiyar ɗakinmu da dare da tocila tana dubawa: taga shida duk ƙarfe, ƙofa ɗaya mai buɗewa ciki, kwaɗo a waje, katifu takwas sun toshe hanya, fitilar kananzir a rataye. Ta ce, "Mama, da wuta ta tashi a nan, ko ɗaya ba za ta fita ba." Sannan ta karanto mini ƙa'idar da ta ambata tun Maris, wadda ban bari ta ƙarasa ba: ɗakin kwana ya kasance da ƙofa a kowane ƙarshe, ƙofofi su buɗe waje, kada a kulle daga waje yara na ciki, tagogi babu ƙarfe.

Ni na sa aka yi ƙarafunan nan. Tsoron Kuriga na ɗauka na kai ƙasar da ba ta da irin wannan tsoro, na ɗora wa wadda ta shekara biyar a wurin, ta yi mini shiru don ni malamarta ce kuma kuɗin ta hannuna yake bi. Yau bayan Misa na tsaya gaban kwamiti na faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba, na roƙi gafararsu a kan shilin 24,000 na awakin mutane da ya tafi a banza, da abin da za a kashe a gyara. Na kira Sista na roƙi tata. Fada ya sa aka rubuta a littafin kwamiti: daga yau duk abin da ya shafi yadda za a yi gini ko tafiyar da ɗakin, Sista da iyayen yara ke yankewa, namu tara kuɗi da bin lissafi.

Tun daren Juma'a an cire kwaɗon, an fitar da fitilar, yara takwas na ƙasa sun koma falon Sistoci.

Asabar, 21 ga Satumba

Mai walda ya yanke ƙarafunan duka. An fasa bango an sa ƙofa ta biyu, an juya ta farko. Fitilu huɗu masu aiki da hasken rana, tukunyar kashe gobara biyu, bokitin yashi a kowace ƙofa. Shilin 46,000, bashi. Maimakon ƙarfe, iyaye maza sun kewaye ɗakin da shingen ƙaya irin wanda suke yi wa garke, sun kuma sa samari biyu gadi bi da bi, ba su nemi ko sisi ba. An gwada fita da gaggawa sau biyu da dare. Karo na biyu ɗakin ya zama wayam kafin Sista ta gama ƙirga sittin.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Lahadin Mishan. Baikon farko na yau na Roma ne kamar kowace shekara, ba mu taɓa shi ba. Namu mun yi a bakin ƙofa bayan Misa, aka haɗa da abin da ya taru tun Yuli: naira 900,000, shilin 69,000. An biya bashin gyara da na ruwa, saura 14,000.

Jimlar abin da ya fita daga cocinmu naira miliyan shida, shilin 548,000. Na iyayen yara, awaki da kayan ado, shilin 213,000. Na karanta duka a coci, har asarar siminti da ta ƙarfe. Dattijon nan na 3 ga Maris ya same ni a waje ya tambaya ko tankin ya samu ruwa. Na ce tukuna.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

An yi ruwa dare biyu a makon nan, tanki ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Sista ta ɗauko mini ƙarar ruwan yana zuba daga indararo.

An tafi dogon hutu, wanda shi ne lokacin da ake tsoro. Dokar Kenya ta hana kaciyar mata tun 2011, ta hana aure ƙasa da shekara 18, amma doka a Nairobi take, yarinya kuma a rugar ubanta. Sista ba ta fara da 'yan sanda. Ita da matar da ke kula da ɗakin sun bi gida-gida kafin a tashi. Yara tara iyayensu mata sun roƙa a bar su a makaranta har Janairu, iyaye maza bakwai sun yarda. Biyu sun ƙi, an tafi da su. Ɗaya cikinsu ita ce ta ɗaya a lissafi a aji na takwas. Katikis zai je rugarsu ranar Laraba tare da tsohon da 'yarsa ta yi karatun jinya.

Abin da ke gabanmu kafin Janairu: a sabon tsarin karatunsu aji na tara zai fara a karon farko, kuma a harabar firamare zai zauna, wato manyan yaran za su ƙara shekara a hannun Sista. Ana bukatar gado takwas, shilin 88,000, katifa takwas, kusan 21,000, da ban-ɗaki kusa da ɗakin don kada su riƙa ƙetare fili da dare. Magini bai kawo kuɗinsa ba tukuna. Abincin yara bakwai na hutu zai cinye 14,000 da ta rage. Alawus ɗin mai kula da su iyaye sun ɗauka, akuya ɗaya kowane zango. Kwamiti zai zauna Lahadi mai zuwa a kan ko za a roƙi Fada kaso daga bikin godiyar girbi, ni kuma gobe zan je wajen mai tukwane in ji nawa zai yi mana asusu 150 na Azumi mai zuwa.